Lambar da Sai da Madubi

Duk garin Damanhur babu mai ilimin Shaukat Afandi. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Jar dararsa ta fi ta kowa tsayi, gashin bakinsa kuwa har turare ake shafa masa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, a kira shi Shaukat Bek, muƙamin da ya shekara goma sha ɗaya yana zawarci.

Da aka sa ranar naɗin sabon sarki, gwamnan lardi ya ɗora masa aikin buga lambobin tagulla na tunawa da bikin. Afandi ya ga Bek ta zo har gida. Ya nufi shagon Usta Mitri, tsohon maƙerin da ya sassaƙa hatimin ƙarfen da za a buga lambobin da shi. Ya ɗauki hatimin, ya gyara tabarau.

"Usta, me zan gani haka? Sunan sarki a juye?"

"Haka ake yin sa, ranka ya daɗe. In aka buga..."

"Ni za ka koya wa rubutu? Ni da na yi shekara biyu a Alƙahira ina gyara wa malamai rubutu? Miƙe shi. Sunan sarki ba ya tafiya da baya a gabana."

Usta Mitri ya kurɓi shayinsa, ya ce to. Ya sassaƙa sabo, rubutu a miƙe tsaf. Da aka gama bugu Afandi bai ko leƙa akwatin lambobin ba, ai shi ya gyara aikin da kansa.

Ranar biki gari ya cika, ga badujala, ga tutoci. Afandi ya yi dogon jawabi kan yadda ya ceci martabar sarauta daga hannun jahilai, har da nuna Usta da yatsa. Sannan ya buɗe akwati, ya miƙa wa gwamna lamba ta farko.

Gwamna ya duba, ya juya ta, ya karkata kai, ya sake juyawa. Can ya ce a samo masa madubi.

Bek dai ba ta zo ba, amma mutanen gari ba su bar shi haka ba, sun naɗa shi Afandi Madubi. Lamba ɗaya tana nan rataye a shagon wanzamin kasuwa, tana fuskantar madubi, duk wanda ya zauna aski sai ya karanta sunan sarki daidai. Afandi kuwa, tun daga ranar a gida yake gyara gashin bakinsa.