Basilin a Idon Kyamara

Tun ina yaro a unguwar Karantina ta Jidda nake son tsofaffin finafinan Masar marasa launi, inda fuskar jaruma ke sheƙi kamar an wanke ta da madara. Wani tsohon mai hoto ya taɓa faɗa min sirrin: daraktocin da can basilin suke shafa wa gilashin kyamara, ɗan kaɗan.

Da bikin ƙanena Habu ya zo, walima ta ƙarshe a lungunmu kafin a rushe unguwar, na hana a kira mai bidiyo, na hana kowa ɗaga waya. Na lakato basilin na lafta wa kyamarar aro, na haye kujera ina ba dattawa umarni. Da na ga hoton ya yi dishi-dishi, na ce ai salon ke nan. Zafin Jidda kuwa ya narkar da man ya malale.

Ranar da muka kunna wa Inna, fararen inuwoyi kawai ke yawo cikin tururi.

"Wanne ne angon?" in ji ta.

"Ga shi nan, Inna."

"Yaya, wannan tankin ruwa ne," in ji Habu.

Yau babu lungun, babu ƙofar gidanmu. Inna takan sa a kunna mata don ta ji muryoyin maƙwabta. Har yanzu duk ɗan gidanmu da ya fito daga sanyin mota tabarau ya yi masa tururi, sai ya ce, "Halas, shi ke nan, Darakta ya fara ɗauka."