Rasuwar Sannu-Sannu, Faifan Markus

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Markus, malamin makaranta a Gusau, nake sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar faifaina, Sannu-Sannu, wanda ya cika ranar Asabar a filin da muke wasa a Bungudu.

Ga waɗanda ba su san mamacin ba: wasanmu jifan faifan roba ne, daga nesa har ya faɗa kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Akwai faifan dogon zango, akwai kuma na matsowa, wanda ake jefawa idan an kusa, don ya sauka a gindin kwando ya zauna. Wannan shi ne aikin marigayin.

Ƙanin matata, Amos, shi ya zo mana da wasan daga Jos, da jakar fayafai. Na matsowa biyu ne a ciki. Ɗaya shuɗi mai taurin roba, yana ƙyalli. Ɗaya ruwan ƙwai, robarsa mai laushi. Na daɗe ina matsa su da yatsa, ina lanƙwasawa, ina gwadawa. Amos ya ce mai laushin yana riƙe hannu ko da gumi, ba ya santsi a busasshiyar ƙasa, amma ba ya tsawon rai. Na ɗauke shi. Alhaji Tajuddeen, mai sayar da hatsi a Bilbis, ya ɗauki shuɗin ko juya shi bai yi ba, yana amsa waya.

Marigayin mai natsuwa ne. Ba ya gaggawa, ba ya gangarawa cikin gonar mutane. Fuuu ya tashi, ɗaf ya sauka. Duwatsu da ƙaya sun yi masa zane a fuska, bai taɓa kuka ba. Shuɗin kuwa an buga shi da bishiya, jaki ya taka shi a Tsafe, har yau ko ƙwarzane babu. Ba hassada nake yi ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Wata rana a garin Kekun Waje Alhaji ya ce, "Malam, ara mini tsohon nan naka in gani." Ya jefa a tsaye, babbar riga a jikinsa. Faifan da na goge, na adana a inuwa, ya tafi kai tsaye: kacau, cikin kwando. Daga wannan nisan bai taɓa yi mini haka ba. Na karɓe shi na ce madalla. Ban ci tuwo ba ranar.

Rashin lafiyar ta fara da 'yar tsagewa a gefe, bayan ya sha rana a kan sirdin babur. Na liƙe da gam. A gasarmu ta Asabar, ni da Alhaji muka yi kunnen doki har kwandon ƙarshe. Ya jefa, shuɗin ya zame a ƙasa ya tsaya daf da kwando. Ni ma na jefa nawa; ba zan ga laifin hannuna ba, iska ce ta juya. Marigayin ya daki kututturen ɗorawa, ya ce ƙas, ya rabu biyu. Alhaji ya ci gasar. Shi ya fara yi mini ta'aziyya, yana goge nasa da hannun riga.

Ya rasu ya bar ni, da fayafan dogon zango biyu da ba su san hanyar kwando ba, da matata Hannatu, wadda ta tambaya ko rabin zai yi mata matsin ƙafar tebur.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a bayan gida, kusa da bishiyar gwaiba. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida har la'asar. Iyalan mamaci suna roƙon Alhaji Tajuddeen, in zai zo, ya zo shi kaɗai. In kuwa ya nace sai ya zo da shuɗin, ya sani ramin da na haƙa zai ɗauki biyu.