Yadda Ake Harhaɗa Manhajar Gwaji a Kwamfuta Uku da Sunan Matar da Ta Rasu

Matakan nan tabbatattu ne. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin Juma'a za ka harhaɗa manhajar gwaji daga tushenta, ka girka ta a kwamfuta uku masu tsari daban-daban, kuma ba mahalukin da zai gane cewa ba ka san komai ba. Ka yarda da ni, gwani ne ke magana. Shekara talatin da takwas na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, na karanta littattafan da in aka ɗora wa jaki sai ya kai ƙara, kuma har watan jiya ban san inda ake kunna kwamfutar matata ba.

Kayan aiki kaɗan ne: kwamfuta uku, tabarau, da mata wadda ta rasu wata bakwai da suka wuce. Tawa sana'arta neman kuskure a manhajar mutane. Sufeto nake kiranta, don in ta dawo gida takan ci gaba da aikin a kaina.

Mataki na ɗaya: Ka buɗe saƙon da ba naka ba

Kalmar sirrin tana shafin farko na littafinta mai baƙin bango. A ƙasanta ta rubuta: "Don Malam, in ya taɓa tambaya." Ba ka taɓa tambaya ba. Wuce wannan da sauri.

A cikin saƙonnin za ka tarar da na wani da ake kira Babban Mai Kula. Daga nan ne za ka fahimci abin da matarka ta shekara tara tana yi a ɗakin da ke kusa da naka. Akwai wata manhaja da masu rubuta manhaja ke amfani da ita su kama kurakuransu tun kafin jama'a su kama. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da ita, kowa a ƙasarsa. Duk wata uku sukan fitar da sabon zubi, sai wasu su ɗauki ɗanyen rubutun, su gina shi a kwamfutocinsu, su gwada, su kawo rahoto. Akwai fayil mai sunayen masu wannan wahala. Sunan Sufeto yana layi na goma sha huɗu, a gaban wani tsohon tsari da ba wanda ya rage yana da irinsa sai ita.

Saƙon gajere ne. Zubi biyu sun wuce ba rahoto. In na ukun bai zo ba kafin Juma'a, za a daina kula da tsohon tsarin, a cire layin.

Mutum mai hankali zai amsa ya ce Allah ya yi mata rasuwa. Kai ba shi ba ne. Kai za ka yi rahoton da sunanta.

Mataki na biyu: Ka tara kwamfutocin

Littafinta ya nuna a kan uku take gwadawa. Akwai ta tafi-da-gidanka mai Windows, tana cikin durowa. Akwai tsohuwa mai kama da akwati a ƙarƙashin tebur, mai tsohon Linux, ita ce ta layi na goma sha huɗu. Ta ukun Mac ce, kuma ta 'yarka ce, aro uwar ke yi. Dole ka buga waya.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Aiki."

"Wane aiki? Kai da ko saƙon waya sai ka fara rubuta shi a takarda?"

"Shi ya sa ba a taɓa kama ni da kuskure ba."

"Ba a taɓa samun amsarka a ranar ba dai. Ka ci abinci?"

Ka ce ka ci. Ba za ta yarda ba, halin uwarta ne. Da rana za ta aiko mijinta da kwamfutar a hannu ɗaya, kular abinci a ɗayan. Surukin naka mai jan wayoyin intanet ne a ofisoshi. Shekara shida kana kallonsa a matsayin mutumin da bai taɓa gama littafi ba. Ka ba shi kujera mai kyau, yau ranarsa ce.

Mataki na uku: Ka sauko da tushen, ka karanta bayanin

Tushen, wato ɗanyen rubutun manhajar, zai zo a dunƙule, ka warware shi. A ciki akwai fayil na bayanin yadda ake gini. Ka karanta shi a tsanake kamar yadda ka saba. Za ka sami waƙafi goma sha ɗaya da ba sa wurinsu, da jimla ɗaya da ba ta da aikatau. In ka kai ƙarshe za ka lura ba ka fahimci ko abu ɗaya da aka ce a yi ba. Kada ka damu. Haka ka karanta yawancin abin da ya bi ta teburinka.

Mataki na huɗu: Ka biya wa kowace kwamfuta bukatarta

Ba manhajar da ke tsayuwa da ƙafarta. Wannan tana bukatar waccan, waccan tana bukatar wata, ita kuma ta ukun ba ta shiri da irin wadda kake da ita. In ka taɓa sasanta 'yan'uwa a kan gado, ka san aikin.

Mai Windows za ta nemi kayan gini masu girma, saukowarsu kawai za ta cinye maka safiya. Ta 'yarka ba za ta motsa ba sai ka amince da wata yarjejeniya. Surukinka zai ce, "Baba, danna kawai, ba mai karantawa." Ka dube shi ta saman tabarau, ka karanta duka. Awa biyu da minti arba'in. Sannan ka danna abin da ya ce ka danna tun farko.

Tsohuwar kwamfutar ba za ta nemi komai ba. Ka ba ta umarnin shiri, ta duba, ta ce akwai, akwai, akwai, har ƙasa. Komai yana inda ya kamata, kamar durowar magungunanka da har yanzu kake ci daga tsarin da ta bari. Shawarar gwani: kada ka daɗe a wannan wuri. Tashi ka ɗora ruwan shayi.

Mataki na biyar: Kada ka gyara komai

Wannan matakin na saya da tsada, kai ka karɓa kyauta. Yayin da kake jira, za ka buɗe ɗaya daga fayilolin tushen don kallo. Za ka ga kalma an rubuta ta ba daidai ba. Hannunka zai yi abin da ya shekara talatin da takwas yana yi. Sai ka ba da umarnin gini, allo ya cika da jan rubutu, layi ɗari uku. Surukinka zai leƙo.

"Baba, wa ya taɓa fayil ɗin nan?"

"Kuskure ne a ciki."

"Eh, amma kuskuren a wuri sittin yake, kuma duk sun san juna a haka. Ka gyara ɗaya, sauran sun daina gane shi."

"To a bar ɓarna saboda ta yi yawa?"

"Haka ake zaman lafiya, Baba."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka mayar da kuskuren wurinsa da hannunka, yana tsaye yana kallo. Zai yi ƙoƙari kada ya yi murmushi, kuma wannan ƙoƙarin ya fi murmushin ciwo.

Mataki na shida: Ka gina, ka jira

Yanzu rubutu zai yi ta gudu a baƙin allo, ya fi ƙarfin idonka. Sababbin biyu za su gama kafin shayi ya huce. Tsohuwar za ta ɗauki awa uku, fankarta tana gurnani.

Ka san ƙarar nan. Shekara tara kana jin ta ta bango, kana ɗaga murya: "Sufeto, injin niƙanki ya hana ni karatu!" Ita kuma ta amsa, "Littafin ba zai gudu ba, Malam, mai shi ya mutu tuntuni." Ba ka taɓa tashi ka leƙa ka ga me ake niƙawa ba. Taku tara ne daga kujerarka zuwa tata. Na ƙirga, ba sai ka wahala ba.

Mataki na bakwai: Ka gwada mai gwaji

Manhajar tana zuwa da gwaje-gwajen kanta, ɗari huɗu da goma sha biyu. Wanda ya wuce kore, wanda ya faɗi ja. A kwamfuta biyu za ka ga kore har ƙarshe, ka girka, ka ji kamar kai ka ƙirƙiro lantarki. A tsohuwar za ka ga kore ɗari huɗu da goma sha ɗaya, da ja guda.

Ka sake. Ja. Ka kashe ka kunna, ka sake. Ja. Ranar Laraba ce.

Surukinka zai sunkuya ya duba. "Wata lamba ce ta fi ƙarfin tsohon tsarin. Amma akwai dabara, Baba. Layi ɗaya zan ƙara, a tsallake gwajin, komai ya zama kore. Ka tura, a bar sunan Mama."

Dabara ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Kafin ka amsa, kada ka buɗe littafin mai baƙin bango. In ka buɗe za ka ga kwanan wata a jere, kowanne da kalma biyu a gabansa, "ya wuce" ko "ya faɗi". Sau goma sha ɗaya ta rubuta "ya faɗi", ɗaya ma a makon bikin 'yarku. Matar da ta taɓa gaya wa likita, tana kwance, cewa ya yi kuskure a lissafin awon jininta.

"Bar shi ja," za ka ce.

"Baba, in suka ga ja fa suka ce tsarin ya tsufa?"

"Satar sunanta nake yi, ba zan haɗa da yi mata ƙarya ba. Laifi ɗaya ya ishi mai shekaruna."

Mataki na takwas: Ka rubuta rahoton

Ka shiga da sunanta. Ka fara da gaisuwa, don kai mai tarbiyya ne. Ka ba da haƙurin jinkiri. Ka bayyana abin da ya faru a kowace kwamfuta, sakin layi guda guda. Ka kwafe jan rubutun daidai, harafi da harafi. Ka rufe da karin magana a kan haƙuri. Ka karanta sau uku, ka tura. Ka jingina da kujera kana jin cewa ko ita ba za ta fi haka ba.

Mataki na tara: A kama ka

Amsa za ta zo washegari da hantsi.

"Kuskuren gaskiya ne, mun gano shi, kuma da ya cuci mutane a wasu ƙananan na'urori da ba mu yi tunaninsu ba. Mun gode. Amma rahoton nan sakin layi biyar ne, har da gaisuwa. Ita layi biyu take rubutawa, ba ta taɓa gaishe ni ba, kuma ba ta sa aya. Saƙonta na ƙarshe ta ce za ta asibiti kwana biyu. Wane ne kai, kuma tana ina?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka ko kwana ɗaya bai yi ba. Ka lura kuma da wannan: wani mutum a wata ƙasa, wanda bai taɓa ganin fuskarta ba, ya san yadda take rubutu. Kai da gyaran rubutu ne abincinka, rahotanninta talatin da wani abu suna nan a gabanka, ba ka buɗe ko ɗaya ka ga salonta ba.

Ka ɗauki takarda ka tsara amsa. Ka yaga. Ka rubuta kai tsaye: "Ni mijinta ne. Ta rasu wata bakwai da suka wuce."

Mataki na goma: Ka soke layin

Zai yi maka ta'aziyya, ta gaske, har da kurakurai biyu da ba za ka gyara ba. Sannan ya gaya maka ƙa'ida. Fayil ɗin na waɗanda za a iya tambaya ne su amsa, saboda haka sunanta ba zai zauna ba. Tsohon tsarin kuwa zai iya zama, in akwai mai gina shi duk wata uku. Ya ga alama akwai. Kuma a al'adar aikin, wanda ya karɓi layi shi ke aiko da canjin da hannunsa.

Ka kira 'yarka. Za ta zo daga wurin aiki ko jaka ba ta ajiye ba, ta tsaya a bayan kujerar, kusa da mijinta.

"Baba, in ba za ka iya ba, bari in yi."

"Na soke kalmomin manyan marubuta suna zaune suna kallona."

"To me kake jira?"

"Tabarau ne ya yi hazo."

Ka je layi na goma sha huɗu. Ka goge. Ka rubuta naka. Kafin a tura, allon zai nuna maka canjin: layi ɗaya ja da sunanta, layi ɗaya kore da naka, ɗaya a kan ɗaya. Surukinka zai ce a hankali, tarihin aikin ba ya mantuwa, duk wanda ya koma baya zai same ta a kowane zubi na shekara tara. Ka gyaɗa kai. Kada ka gaya masa cewa wannan ce magana mafi kyau da ka ji a bana, zai ɗauka kun zama abokai.

Ka danna.

Sanarwa

Marubucin matakan nan ba shi da alhakin komai. In kwamfutarka ta ƙone, taka ce. In 'yarka ta fita baranda ta daɗe, ba ni na aike ta ba. In mutum arba'in da uku daga ƙasashen da ba ka iya nunawa a taswira suka biyo ƙarƙashin rahoton kuskure suna ba ka labarin matarka, yadda ta taɓa hana su sakin zubi ana saura awa ɗaya, yadda ta koya wa wata cikinsu aikin daga farko, kada ka zo mini da kuka, ina da nawa. Mai ƙorafi ya rubuto a layi biyu. Ina koyon amsawa a haka.