Jakada a Layin Gaba

Duk wanda ya san Lewisham ta birnin Landan ya san Allah ya yi wa unguwar baiwa da Alhaji Lawal, masanin ƙasar Sin. Kwana goma sha ɗaya ya yi a Guanzu, shekara ashirin da suka wuce, lokacin da ya je sarin tayil, amma kwanaki ne masu albarka, don har yau labarinsu bai ƙare ba. Kalma biyu ya iya ta Sinanci, kuma bai taɓa yi wa kowa rowarsu ba. Ya gai da 'yan Koriya da su, ya gai da 'yan Filifin, har wani direban bas ɗan Nepal ya samu rabonsa. Jama'a suka laƙaba masa Jakada. Da ya ji, bai musa ba, sai ma ya ƙara tsawon hula.

A watan Agusta Jakada ya ƙwallafa rai a kan shagon Madam Leung, tsohuwa 'yar Sin da ta shekara talatin tana sayar da ganyen shayi a babban titi. Za ta yi ritaya, ta kuma ce ba za ta ba da hayar wurin ba sai ga wanda hankalinta ya kwanta da shi. Mutum biyu ke nema: Jakada, da Anatu mai ɗinki, 'yar Kafanchan, wadda ko Dubai ba ta taɓa leƙawa ba.

Madam ta ce a dakata da sa hannu. Watan bakwai ne a lissafinsu, watan da suka yi imani ana buɗe wa matattu ƙofa su fito yawo. A cikinsa ba a tarewa, ba a ƙulla yarjejeniya, ba a dafa kafaɗar mutum ta baya. Anatu ta tambayi sauran abubuwan da ba a yi, ta rubuta a bayan takardar awo. Jakada bai tambaya ba, don tambaya aikin marasa sani ce.

"Luba, wannan duk dabarar ciniki ce," ya ce wa matarsa. "Ni na zauna da mutanen nan, na ci da tsinkensu. Idan Basine ya ce miki fatalwa, nufinsa ki ƙara matsowa."

"To, Alhaji," in ji Hajiya Luba, ba ta ko ɗago daga yankan kuɓewa ba.

Ran Lahadi da la'asar Madam ta gayyaci Jakada da Anatu bikin da jama'arta ke yi wa matattu a wani zauren taro. Jakada ya yi booking ɗin tasi, ya sha fararen kaya tun daga hula har takalmi. Fari launin makoki ne a wurinsu, amma kwana goma sha ɗaya ba su isa mutum ya san komai da komai ba.

A bakin ƙofa ya tarar da tebur an jera lemo, shinkafa, waina da kofunan shayi, turare na tashi, babu kowa a gindinsa. Zuciyarsa ta yi fari. Ga mutanen da suka san tarbar baƙo. Ya yi bisimilla, ya ci waina uku, ya kora da shayi, ya sa lemo biyu a aljihu saboda Hajiya, ya taka tokar takardun da aka ƙona ya shige.

Zaure ya cika maƙil, wasu har tsaye suke a baya, amma layin gaba ba kowa. Wani dattijo ya raɗa masa da Turanci cewa kujerun na manyan baƙi ne. Jakada ya gyaɗa kai. Shekara nawa a Landan yana bin layi a ofishin ƙaramar hukuma, yana bin layi a asibiti, ana kiran sunansa tsirara ba ko Alhaji, sai yau aka gane shi. Ya zauna a tsakiya, ya baza babbar riga a kan kujeru uku.

Mawaƙiyar da ke kan dandamali ta sarƙe. Babu wanda ya gaishe shi, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Wata tsohuwa ta sunkuyar da kai tana motsa baki. Daga can baya Anatu na ta yi masa hannu ya taso. Ya ɗaga mata nasa kamar gwamna a buɗaɗɗiyar mota. Hassada dai ba ta da magani, amma kwarjini ma ba laifinsa ba ne.

Da aka tsagaita waƙa ya miƙe, ba tare da an kira shi ba, ya furta kalmominsa biyu, sannan ya juya harshe zuwa Turanci.

"A madadina da sauran 'yan uwana na wannan layi, waɗanda na ga har yanzu ba su ƙaraso ba, muna godiya. Abincin da kuka ajiye mana ya yi daɗi, sai dai shayin ya huce. Baɗi za mu dawo, kuma za mu zo da iyalanmu."

Kafin ya zauna layi na biyu ma ya zama ba kowa.

Da watan ya fita, Anatu ta karɓi makulli. Jakada ya tafi shagon da kansa don jin ta inda aka yi kuskure. Madam Leung ta tarbe shi da ladabi, ta zuba masa shayi mai zafi, ta ce shekara talatin suna jera wa matattu kujerun nan, shi ne baƙo na farko da ya taɓa tsayawa ya yi jawabin godiya, kuma jama'arta ba za su manta ba. Game da shago kuwa, ta ce ta so ƙwarai ta ba shi, sai dai ba ta san inda ake aika wa mamaci takardar haya ba.