Malam Tushe da Ɗakin Sanyi

Allah Ya yi wa makarantar nan baiwa da malamin lissafin da ko atishawa zai yi sai ya auna ta. Ana kiransa Malam Tushe, don ba ya rufe baki bai ambaci tushen murabba'i ba. A wurinsa alamar √ falon manya ce: duk lambar da ta gaza sifili ba ta taka ciki.

Ana tsakiyar zafi aka sa iyakwandishan a ƙaramin ɗakin malamai, kujeru kuwa ba su isa kowa ba. Shugaban makaranta, mutumin da ba ya son hayaniya, ya bar wa gwanin ya tsara masu shiga.

Malam Tushe ya tara malamai, ya gyara wuyan riga, ya zana √(x − 10) a jikin ƙofa.

"Wannan x shekarun aiki ne. Wanda bai kai goma ba, ya faɗa ƙasa da sifili, ilimi bai san da zamansa ba."

Ya rubuta [10, ∞), ya bayyana cewa baka mai kusurwa na nufin har mai goma cif ya shiga. Sai ya hango malamin tarihi yana murmushi. Mutumin nan shekararsa goma daidai, kuma ya taɓa yi masa hamma yana tsakiyar jawabi. Ran gwani ya ɓaci. Nan take ya ja layi a saman tushen, ya ɗora lamba ɗaya a kai, abin ya koma rabawa: mai goma cif sifili zai bayar a ƙasa, kuma ba a raba lamba da sifili. Ya goge kusurwar da hannun riga, ya lanƙwasa bakar: (10, ∞).

"Yanzu mai goma cif ma waje. Ba ni na faɗa ba, lissafi ne, shi kuwa ba ya sanin ido."

Har ya sa shugaba ya yi alkawarin ba za a taɓa dokar ba sai baɗi.

Malamin tarihi, wanda sana'arsa tuna ranaku ce, ya miƙa masa hannu, ya ce ai ba komai, za su riƙa shan iska tare, tunda rana ɗaya aka ɗauke su aiki.

Haka Malam Tushe ya shekara a baranda yana fifita da kwali, yana gaya wa masu wucewa cewa sanyi yana daskarar da ƙwaƙwalwa. Ranar da ya cika shekara sha ɗaya a aiki ya shiga da sabuwar riga, ya tarar shugaba ya mayar da iyakwandishan ɗin ofishinsa.