Awon Tela a Jikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da launin ruwan nan ba, ko da na tsufa na manta sunan layinmu. Shuɗi ne irin na bula, mai sheƙi, ka rantse na sha ne. Amma bari in bi abin daki-daki, domin ni ban iya fara labari daga tsakiya ba.

Ni tela ne a unguwar Briqueterie. A shagon da mahaifina ya bar mini nake zaune, tsakanin masu shadda da teburin Ɗanladi mai suya. Karatuna bai yi nisa ba, amma duk kartiye, wato unguwar tamu, an san ni da tsari. Almakashi yana da ƙusarsa, alli yana da gwangwaninsa, wanda ya ɗauka bai mayar ba zai ji daga gare ni. Ina kuma da doka ɗaya da na gada: in ka yi awo, ka bar rara. Mutum yakan zo awo da azumi, ya dawo karɓar kaya bayan Sallah da wani cikin daban. Wannan dokar ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai a wannan karon.

'Yata Rukayya tana karatun zanen gine-gine, shekarar ƙarshe. Ranar sutnans ɗinta ta matso, wato ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta. Kasuwa ce ta zana, kuma dole kwamfuta ta fitar da hotunanta kamar an riga an gina ta. In babu hotunan babu sutnans, sai wata shekara. Ita kuwa kwamfutar, da ke ɗakin bayan shago, da an ba ta aikin sai ta fara huci kamar tsohuwar taksi a hawan Tsinga, ta yi zafi, ta mutu.

"Baba, kart grafik ce ke zafi," in ji Rukayya. Ta nuna mini wani baƙin allo mai 'yan fankoki a cikin kwamfutar. "Ita ke fitar da hotunan. Fankokinta sun gaza. So nake in sa mata ruwa."

"Ruwa? A cikin kayan wuta? Abin da ake koya muku ke nan?"

Ta yi mini bayani da haƙuri. Akwai farantin tagulla da zai kwanta a jikin kart ɗin ya sha zafinta. Akwai famfo mai tura ruwa, da lagireto irin na mota amma ƙarami, da tiyo, da wasu bakunan ƙarfe masu riƙe tiyon. Ina ta gyaɗa kai. (Ban gane komai ba. Abu ɗaya na kama: za a yi wa kart ɗin riga. Riga kuwa, ai an zo gidana.)

Kayan ba a samun su nan da sauƙi, amma abokina Alhaji Bappa yana China sayayya, yana dab da dawowa. Rukayya ta turo mini sunan kart ɗin da faɗin tiyon, ta ce in tura masa kawai yadda suke. Na ce ba a jefa wa babban mutum saƙon yarinya haka tsirara, zan kira shi in yi masa bayani da bakina.

Da ta tafi makaranta na ɗauko tef ɗina, na shiga ɗakin baya, na auna kart ɗin. Tsawo, faɗi, kauri. Har na tsaya ina neman inda kafaɗa take. Sannan na kira Alhaji.

"Metir, ga ni a shagon mutumin," in ji shi. (Metir ake ce mini, wato gwanin sana'a.) "Faɗi lambar."

Na faɗa.

"Ya ce akwai farantinta. Akwai kuma na yayarta, wadda ta fi ta."

"Wanne ya fi girma?"

"Na yayar."

"Ɗauko shi."

Na ji suna magana can. "Metir, wai ya ce ba zai shiga ba."

"Alhaji, tun yaushe nake maka ɗinki? Ka taɓa sa rigata ta ƙi shiga? Ƙarami ne ke ƙin shiga. Babba bai taɓa ƙi ba."

Muka zo kan tiyo. Milimita goma Rukayya ta ce, na ce a ba da sha biyu, ruwa ya samu wurin walawa.

"Ya ce to a canza bakunan ƙarfen su ma?"

"A bar su. Don an faɗaɗa riga ba a canza maɓalli."

"Mutumin nan fa dariya yake ta yi, Metir."

"Bai san aiki ba ne," na ce, na kashe waya da kwanciyar hankali.

Alhaji ya dawo da kwalinmu, ya kuma haɗo da farar shadda, irin mai tsayawa da kanta, in yi masa babbar riga ta bikin ɗansa. Washegari Rukayya ta buɗe kwalin a gabana. Ta kwance fankokin kart ɗin, ta ɗora farantin. Ya zarce ta ta gefe kamar yaro ya sa takalmin babansa, ramukan noti kuwa kowanne yana kallon wani gari. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ɗauki tiyo ta zura a bakin ƙarfe, ya shiga salin-alin, ya fito salin-alin.

"Baba, lambar da na ba ka ka faɗa masa?"

"Ita na faɗa. Rara kawai na ɗan ƙara."

"Rara," ta ce a hankali.

Da ta yi tsiwa da na samu abin kamawa in yi faɗa. Sai ta naɗe kart ɗin a gyale, ta sa a jaka, ta ce za ta nuna wa wata 'yar ajinsu ko da dabara. (Daga baya na gane ba don nunawa kaɗai ta tafi da ita ba. Ta san ubanta.)

Na zauna ina juya abin a raina. Awo na yi shi daidai. Rara na bari daidai. To ta ina kuskure ya shigo? Na bi ta gaba, na bi ta baya, ban same shi ba. Saboda haka na yanke cewa babu kuskure, kaya ne kawai suke jiran a rage su. Farantin dai tagulla ne, almakashina ba zai ci ba. Amma tiyo roba ne, ana iya tsuke shi kamar ƙugun wando.

Na share rabin teburin yanka na jera su: tankin ruwa, famfo, lagireto, faranti. Na yanka tiyon da kyau (wannan kam ko Rukayya ta yaba daga baya), na zura kowane baki, na naɗe shi da zaren maɓalli mai ƙarfi, na ƙulle. Na tsiyaya ruwan shuɗin da ya zo a kwalin. A ɗaya rabin teburin shaddar Alhaji ce a shimfiɗe, na riga na ja mata alli.

Bayan la'asar Alhaji ya shigo ganin aikinsa. Ɗanladi ma ya leƙo da wuƙa a hannu.

"Metir, wa ake yi wa ƙarin ruwa? Ko ka buɗe asibiti ba mu sani ba?"

"Ka tsaya ka ga aiki, ba surutu ba."

Famfon ya zo da 'yar cajar gwaji. Na ce bismillah, na soka a bango. Wallahi ruwan ya tashi, ya bi tiyon a hankali, ya shiga lagireto, ya fito, ya zagayo. Alhaji ya ce, "Ikon Allah!" Ni kuwa na gyara tsayuwa, na rataya tef a wuya.

"Na farko," na ce, "kowane aiki awo ne. Na biyu, wanda ya iya awo..."

Ban kai na uku ba. Tiyon bakin famfo ya fizge, ya miƙe kamar maciji, ya fara da fuskata. Mai hankali zai zare wuta. Ni sai na cafke tiyon na toshe bakinsa da babban yatsa, kamar yadda yara ke yi in suna son ruwa ya yi nisa. Ya kuwa yi nisa. Ya bi shaddar Alhaji daga wuya har gindi, ya haura hularsa, ya dawo. Ina ihu "Ku riƙe! Ku riƙe!" ban san me za a riƙe ba. Ɗanladi ne ya miƙa hannu ya zare cajar, yana dariya har da riƙe ƙofa.

Ruwa yana ta ɗiga daga gemuna.

Alhaji ya dubi shaddarsa ya daɗe. "Metir," ya ce, "ni dai fara na kawo."

Daidai nan Rukayya ta yi sallama. Ta dubi teburin, ta dubi zaren da na naɗa, ta dube ni. Na ga idonta ya ciko, ba don dariya ba.

"Baba, ba lokacin da za a sake aikowa. In hotunan ba su fita ba, shekarata ta tafi."

Nan ne abin ya sauka a jikina, ya fi ruwan sanyi. Na nemi na farko da na biyu a kaina, babu ko ɗaya. Sai na ji bakina ya faɗi abin da bai saba ba: "To, me kike so in yi?"

Ta waiwaya ta dubi babbar fankar shagona, wadda ba mai taɓa ta sai ni.

Ta goge ƙurar tsoffin fankokin kart ɗin ta mayar da su. Ta shafa wani man toka-toka da ya zo a kwalin, shi kaɗai ne abin da ban samu damar ƙara wa rara ba. Ta cire murfin kwamfutar, ta kafa fankata a bakinta, ta riƙa fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana barinta ta huta a tsakani. Ni kuwa na yi ta ɗinki cikin gumi, hayaƙin suyar Ɗanladi yana shigowa ba mai kora. Da na ji kwamfutar ta ɗaga murya sai in ɗauke ƙafa daga keke in kasa kunne, kamar mai jinya. Ɗanladi ya riƙa leƙowa yana tambaya, "Dokta, ya mai jiki?"

Hotunan sun fita. Rukayya ta yi sutnans ɗinta, ta ci. Na je na zauna a baya, na ga kasuwar a bango kamar ka shiga ka yi ciniki, ban gaya wa kowa da fankar wa aka gina ta ba.

Shaddar Alhaji kuwa marina na kai ta, aka rine ta shuɗiya gaba ɗaya. Ya sa ta a bikin, mutane suna ta yaba launin, shi kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuno ni ya ce, "Ga injiniyan can."

Da Alhaji zai sake tafiya, Rukayya ta ce tana son a sayo na daidai. Na kira shi, muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na miƙa mata wayar na koma kan kekena.

Har yau, in gaskiya za a bi, ban gane yadda babba zai ƙi shiga ba. Amma na yi wa dokata gyara guda. Kafin in bar wa abu rara, sai na tambaya tukuna: yana cin tuwo? In ba ya ci, awonsa kawai nake ba shi.