Ranar da Na Yi wa Taurari Kuka

Shekarar da nake koyar da kimiyya a wata sakandare a Jega, lokacin muna jihar Sakkwato, aka ce sufeto zai zo kallon darasina. Ƙarin girmana na hannunsa, don haka na ƙudura sai na burge shi.

Na karanta a wata mujalla cewa akwai taurari biyu masu zagaya juna. Idan ƙaramin ya laɓe bayan ƙaton, haskensa yakan ratso iskar da ta lulluɓe ƙaton, masana su auna shi da wani haske da ido ba ya gani. Sai na sayo albasar Aliero, ƙatuwa kamar kan jariri, ita ce babban tauraro, tocila kuma ƙaramin.

Na sa aka rufe tagogi ruf. Don hasken ya ratsa sosai, na zare wuƙa na shiga yanka albasar siriri-siriri, ina bayani da ƙasaita.

Kafin in kai ga tocilar, hawaye sun wanke min fuska, ɗaliban layin gaba duk suna sharɓar hawaye. Daidai nan sufeto ya turo ƙofa.

"Lahiya, Malam? Wa ar rasu?"

Cikin shessheƙa na ce, "Ranka ya daɗe, hasken da ido ba ya gani nake nuna musu."

Ya goge nasa idon ya ce, "Lallai kam, ba mu gani ba."

Ƙarin girman ya zo daga baya. Amma har yau in na ratsa kasuwa, masu albasa sai sun ɗaga murya: "Malam, tauraro nawa za a zuba maka?"